Tsakuwar da Na Ba Maƙwabciyata

Sautin bai fi na tafin hannu a kan kwaɓin fulawa ba. Ɗas, ɗas, ɗas, a hankali, babu gaggawa, yana shigowa ta tagar kicin ɗinmu kowace safiya bayan maza sun dawo daga masallaci, tun mai burodin tamis bai gama hura tanderunsa ba. Kwana biyu ina jinsa ina zaton wata ce ke kakkaɓe matashin kai. A rana ta uku na ce a raina, wane irin matashi ne wannan da ƙurarsa ba ta ƙarewa? Na tambayi surukata, wadda duk lungun ke kira Hajja, tana zaune tana tsintar shinkafa.

"Kuriyyar nan ce, 'yar Koriya, ta gidan maƙwabta," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Cikinta take duka."

"Cikinta, Hajja?"

"Cikinta da Allah ya ba ta. Hau soro ki gani, kallo kyauta ne. Ko ba komai kya sha iska. Kin zauna a ɗaki kamar kayan wankin da aka manta a baho."

Gaskiya ta faɗa. A lokacin shekarata ɗaya da 'yan watanni a unguwar Ruwais da ke Jidda. Daga Katsina aka kawo ni bayan na gama sakandare, gidan mutumin da na so ya so ni, haifaffen Jidda, direban motar alhazai, Allah ya haskaka kabarinsa. Cikina na fari ya cika wata tara, yaron ya zo babu rai. Na yi haƙuri da baki, na faɗi duk abin da musulma za ta faɗa, amma ƙirjina bai ji ba. Numfashina ya dawo iya maƙogwaro. In na tsaya salla sai na ji kamar an ɗaure ni da ɗankwali a ƙarƙashin nono, Fatiha ma sai na yanka ta gida uku. Likita ya ɗora abin awonsa ya ce babu komai. Na sha zamzam, na sha rubutu, na sha zuma da habbatus sauda har na ƙosa da warinta. Matakalar soronmu ba ta da wani tsawo, amma ranar da na hau kallon Kuriyya sau biyu na zauna a hanya.

Yaran yanzu ba su san abin da soro yake ba a wancan zamanin. Shi ne tsakar gidanmu. A can muke shanya, a can muke yin kitso, a can ake baza kuɓewa da barkono su bushe, a can mace ke leƙa maƙwabciyarta ta kan katangar da ba ta wuce ƙirji ba ta ce, "Ke, ba ki da guntun albasa?" Iska na zuwa daga teku da ƙarnin kifi da gishiri, ana jin mai ruwa yana kaɗa jakinsa a lungu, ana jin masunta suna ciniki da murya kamar masu faɗa. Laimar garin kuwa sai wanda ya zauna. Ka shanya zane da safe, la'asar ta yi yana nan kamar an yi masa kuka. A shekarun ne 'yan Koriya suka cika gari. Da sassafe ake kwasarsu a manyan motoci, kaya iri ɗaya, hular kwano iri ɗaya, suna shimfiɗa tituna suna ɗaga gadoji. Yawancinsu a sansani suke kwana a bayan gari, sai 'yan manyansu kaɗan da aka bari suka zo da iyali. Kamfaninsu ya kama gidan da ke jikin namu, aka sa wani injiniya da matarsa.

Na laɓe a bayan zanen gadon da Hajja ta shanya ina kallonta. 'Yar ƙaramar mace ce, za ta girme ni da shekara goma ko fiye. Ta tsaya ta ware ƙafafu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, idanu rabi a rufe, ta fuskanci gabas tana bubbuga ƙasan cibiyarta da tafukan hannu biyu. Can ta tsaya. Sai ta fara ɗaga hannuwa a hankali, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwaryar da ta cika fal da nono ba ta son ko ɗigo ya zube. Ban taɓa ganin mutum ya yi abu da irin wannan rashin sauri ba. Ni kuwa haki nake yi, ashe tana ji. Ta juyo, ta ɗage gefen zanen da yatsa ɗaya, ta kalle ni. Ta nuna ƙirjina ta girgiza kai, ta nuna mararta ta gyaɗa kai.

"Nafas foƙ, mu kwayyis," ta ce da Larabcinta na kasuwa. "Nafas tahat." Wato numfashi a sama ba shi da kyau, a saukar da shi ƙasa.

Da irin wannan yaren muka zauna kusan shekara biyu: guntun Larabci nata, guntun Larabci nawa, Turancin makaranta da kowaccenmu ta ɗan tsinto, sauran kuma hannu da ido. Ta kama yatsuna uku ta jera su a ƙasan cibiyata ta ce nan ne wurin, su suna kiransa danjon, shi ne murhun jiki. Ta ce mai lafiya kansa sanyi ne kamar randa, mararsa ɗumi kamar murhu. "Ke kuma kin kifa tukunyar," in ji ta, "wuta a ka, ƙanƙara a ciki." Kafin in yarda sai da na sauka na tambayi Hajja ko babu laifi.

"Tana kiran sunan wani abu?"

"A'a."

"Ta ce ki yi wa wani abu sujada?"

"A'a, Hajja. Numfashi ne kawai."

"To numfashi na wa ne in ba na Allah ba? Yi bisimilla ki ja abinki. Amma in cikin ya fashe kada ki kira ni."

Haka na fara. Ita a soronsu, ni a namu, katanga a tsakani. Mu bubbuga mara har ta yi ɗumi, mu tsaya, mu ja iska ta hanci sannu sannu har ciki ya taso kamar kwaɓin da ya kumbura, mu sake ta sannu sannu. Ni ina sakin tawa da istigfari a zuci. Makon farko jiri kawai nake ji. A mako na uku, wata safiya, ta ce in ɗora tafin hannuna a kan marar in bar shi kawai, kada in buga. Sai na ga ashe tun ranar da aka fitar da yaron ban sake ɗora hannu a wurin da niyya ba, ko a wanka wucewa nake yi da soso kamar wurin ba nawa ba ne. Iskar ta sauka har can. Kukan da ya fito mini a ranar ban san ina ya ɓoye wata biyar ba. Ta kifa bokiti ta taka, ta haura katangar nan da zanenta na barci, ta riƙe ni ta baya tana jijjiga ni kamar jaririya. Da na lafa ta nuna kanta ta ce, "Onni." Ta ce haka mace ke kiran yayarta a ƙasarsu. Daga ranar ban sake kiranta da wani suna ba. A daren nan kafin in kwanta na yi Isha'i a tsaye, na karanta Fatiha aya aya, kowace da numfashinta.

Hajja ma sai da ta sauko. Da farko cewa take, "Wannan kabejin da take binnewa a tulu, in iska ta juyo har a salla yake raba wa mutum hankali." Wata rana Onni ta leƙo ina dakan daddawa, ta shaƙa, ta zaro ido, ta ruga ƙasa ta dawo da wani kwaɓaɓɓen waken suya a ƙaramin kwano ta tura mini a hanci. Wallahi 'yan uwan juna ne. Hajja ta ɗanɗana da ɗan yatsa, ta ce, "Mutanen da suka san daddawa ba a raina su." Tun daga nan duk miyar kukar da aka kaɗa sai an zuba kwanon Kuriyya. Yanzu a benen da nake, shekara uku ke nan, ban san sunan matar da ƙofarta ke kallon tawa ba. Muna haɗuwa a lif, ta ce salamu alaikum da idonta a kan waya.

Na daɗe ina murna a ɓoye da yadda take fuskantar alƙibla in za ta fara. Na ce ko Allah yana jawo ta ne ba ta sani ba. Ranar da na faɗa mata sai ta yi dariya, ta kama kafaɗata ta nuna mini can ƙarshen gari, inda in gari ya yi garau ake hango wani shuɗin layi a gindin sama. Duwatsu take kallo. Ta ce a ƙasarsu duk inda mutum ya juya dutse ne a gabansa, da itatuwa, da ruwa mai sanyi yana gangarowa, kuma tun da ta zo Jidda ji take kamar an ajiye ta a kan faranti. Ta ce wannan numfashin daga dutse ya sauko. Tun zamanin da ba a san farkonsa ba, akwai mutanen da ke barin gari su hau can sama su zauna su kaɗai, su rage ci, su rage magana, su koyi tsayuwa daga itace, su koyi numfashi daga hazo, sai in sun sauko su koya wa na ƙasa. Kakanta ya yi haka, kwana ɗari, garin ɗanyen hatsi da ruwan ƙorama ne abincinsa, ya tafi da tari ya dawo yana ɗaukar buhu biyu. Shi ya koya mata tana ƙarama. Ta ce a hanyar kowane dutse akwai tarin tsakuwa da matafiya suka yi, kowa ya zo wucewa sai ya ɗora ɗaya da buƙatarsa a zuci, a hankali, don kada ya rushe ta wani.

Ranar da ta fara shigar da ni ɗakinta na ga wani ɗan hoto a jingine a kan akwati: tsoho mai farin gemu zaune a gindin itace, damisa kwance a gefensa kamar kyanwa, da ƙaramin kwanon ruwa a gaban hoton. Tsigar jikina ta tashi.

"Wane ne wannan, Onni?"

"Mai dutse. Kowane dutse da nasa."

"Mai dutse Allah ne," na ce.

Ta yi ɗan tunani. "To. Allah babban mudir, shugaba. Wannan haris ne, mai gadi kawai."

Dariya ta ƙwace mini, na bi ta da istigfari har na sauka gida. Ban bar numfashin ba, don na san abin da nake faɗa a zuciyata in ina yinsa, amma na ƙudurta sai na nuna mata namu ya fi. Don haka wata safiya na ba ta labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda kafin a aiko shi yake ɗaukar guzuri ya bar mutane ya hau dutse ya keɓe a kogo, dare da rana, har saƙo ya zo masa a can. Na nuna mata layin duwatsun nan na ce yana bayansu, tafiyar awa guda da 'yan mintoci. Na yi zaton za ta yi tambaya a kan saƙon. Sai na ga idanunta sun cika.

"Shi ma dutse ya hau," ta ce. "Zan iya zuwa in gani?"

Na ce mata Makka sai musulmi. Ta gyaɗa kai, ta san da allon da ke kan hanya. Sai ta zauna a kan bokitin nan ta gaya mini abin da ba ta taɓa faɗa ba. Ta haifi ɗa ɗaya tak. Yana da shekara shida zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana uku. A gefen dutsen ƙauyensu aka binne shi, kuma a hanyar wurin akwai tarin tsakuwa da ta fara da hannunta, kullum ɗaya, har ranar da mijinta ya ce in ba su bar ƙasar ba za ta bi yaron. Ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Ƙanwata, in kin je, ki kawo mini tsakuwa ɗaya daga dutsen Annabinku. Ƙarama. In na koma in ɗora wa yarona. Ya san uwarsa ta je nesa, ta samo masa abu mai kyau."

Na ce, "To, in sha Allah." Me zan ce?

Da maigidana ya dawo na faɗa masa yana cin abinci. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya ajiye cokali ya ce malamai sun hana a fitar da ƙasa ko dutsen Harami zuwa wani wuri, ko ga musulmi, balle a kai shi inda ake ɗora buƙata a kan wanin Allah. "Gaya mata ba ya halatta a addininmu, shi ke nan. Mace ce mai hankali, za ta gane." Na san gaskiya ya faɗa, har gobe ban ce ya yi kuskure ba. Sau uku ina hawa soro da maganar a bakina. Duk lokacin sai ta tare ni da murmushi ta ce, "Makka yaushe?" sai in haɗiye.

Muka je umara a ƙarshen watan, muka dawo da hantsi. A bakin lungunmu akwai tsibin tsakuwa da motar kamfani ta juye don gyaran titi. Maigidana ya yi gaba da jarkar zamzam. Ni na tsaya kamar mai gyara takalmi, na sunkuya, na ɗauki ɗaya na dunƙule a cikin abayata. Ban shirya ba, Allah shaida ne, amma kuma ba zan ce hannuna ne ya yi shi kaɗai ba, don da na shiga gida na wanke ta da sabulu, na shanya ta a taga, na turara ta da turaren wuta, na naɗe ta a farin hankici. Mai yin wannan duka ya san abin da yake yi. A raina ina cewa na huta: ban taɓa Harami ba, ban karya zuciyar Onni ba, tsakuwa kuma tsakuwa ce.

Washegari na miƙa mata ta kan katanga. Ba ta karɓa ba tukuna. Ta sauka ta wanke hannu, ta canja riga, ta dawo ta karɓa da hannu biyu. Ta buɗe hankicin ta kalli tsakuwar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta kalle ni, ta sunkuya mini har goshinta ya kusa taɓa katangar. "Na gode, ƙanwata," ta ce. "Kin sha wahala."

Daga ranar soro ya gagare ni. In na ji ta fara bugun marar sai in ƙara wa rediyo murya. Tana kira ta kan katanga, in tura Hajja ta ce ina da ciwon kai, ina da baƙi, ina da sabon ciki, wanda shi kam gaskiya ne. Hajja ta ce, "Ya binti, 'yata, me matar nan ta yi miki?" Na ce babu komai. Ta ce, "Babu komai ba ya hana mutum shanya." Wata biyu aka yi a haka, ni da ke hawa kullum na koma hawa sau ɗaya a mako, in yi sauri in sauko. Sai kwangilar mijinta ta ƙare. Ranar tafiya ta zo har ƙofar ɗakina, ta ɗora hannu a kan marata ta ce in ci gaba da numfashi, zai taimake ni ranar haihuwa. Ta ba ni 'yar takarda da ta rubuta adireshinta da rubutunsu mai kama da ƙananan tagogi, ta ce kowane ɗan Koriya na ba shi zai kwafa mini a bayan ambulan. Ta dafa jakar hannunta ta ce tsakuwar na ciki, ba ta yarda ta sa ta a akwati ba. Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Mota ta yi oda a waje. Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, Onni."

Ban rubuta ba. Me zan rubuta, da wane yare, wa zai fassara mini ƙaryata? Na ce sai na haihu, na ce sai an yaye. Na haifi bakwai, kowanne da numfashin da ta koya mini na sauke shi, har ungozoma na cewa ba ta taɓa ganin mai naƙuda shiru irina ba. Na koya wa 'ya'yana mata ban gaya musu daga ina ya zo ba. 'Yan Koriya suka yi ta raguwa a gari har wata rana na lura babu su, sai titunansu.

Sai da babban ɗana ya yi aure na hau Dutsen Nur, mai kogon nan, da ƙafata, shi yana riƙe da ni. A rabin hanya na zauna hutawa, na sa hannu a ƙasa, na ɗauki wata 'yar tsakuwa ina juyawa ba tare da tunanin komai ba. Rana ta ƙona ta ta yi duhu, iska da sawun mutane sun cinye bakinta ta yi sumul. Na duba ta kusa, na duba ta nesa, duk haka suke. Tawa kuwa, wadda na turara, fara-fara ce mai kaifin baki, sabuwar fasawa, da ganinta ka san inji ne ya tauna ta. Sai na tuna Onni a bakin katanga kowace yamma tana zazzage takalman aikin mijinta, tana juye naɗin ƙafar wandonsa, irin wannan tsakuwar tana zubowa a kan siminti, tana share ta tana mita. Shekara nawa tana share ta. Ta san ta kamar yadda na san gero. Na tuna daɗewar da ta yi tana kallon cikin hankicin, da kallon da ta yi mini bayan nan, da sunkuyawar. Ɗana ya ce, "Umma, lafiya? Ko mu koma?" Na mayar da tsakuwar inda na ɗauke ta na ce mu koma. Ban kai kogon ba, har yau.

Na tambayi malamar da ke mana karatu, ban faɗi suna ba, na ce wata ce. Ta ce hana tsakuwar daidai ne, ƙaryar kuma zunubi ce da ake tuba, amma haƙƙin mutum yana nan sai mai shi ya yafe, musulmi ne ko ba musulmi ba. Na yi istigfari, na yi sadaka, na yi azumi. Amma ina zan ga mai shi? Ban san ko ta ɗora tsakuwar a kan tarin yaronta ba, ko ta jefar a filin jirgi. In ta ɗora, to ƙaryata na can a kan hanyar kabarin yaro ɗan shekara shida, ruwa na dukanta, matafiya na ɗora nasu a kai a hankali. In ta jefar, to ta bar Jidda da sanin ƙanwar da ta haura katanga dominta ta ɗauke ta wawiya. Na rasa wanda zan roƙa ya zama shi ne gaskiya.

Gidanmu na Ruwais babu shi yanzu. An rushe layin gaba ɗaya, na sa an kai ni na tsaya ina neman inda lungun yake, fili ne fetal, ko katanga ɗaya da zan ce nan ne ban samu ba. Hajja ta tafi, maigidana ya tafi. Ina unguwar Madain Fahd wajen autana, hawa na huɗu, ƙofar soro a kulle, makullin na hannun mai gadi. Tagogi a rufe dare da rana saboda na'urar sanyi. Duwatsun gabas kuwa benaye sun tare su. Numfashin ma ya fara komawa sama, likita ya ce wannan karon zuciya ce, kuma na san mara ba ta da maganinsa.

Jikata, 'yar autan nawa, shekararta tara. Tana jin Hausa, amma in za ta mayar rabi Larabci ne. Ita da ƙawayenta ba su da aiki sai kallon finafinan Koriya a waya, har ta iya haruffansu. Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na ji tana haɗa baƙaƙensu da ƙarfi a falo. Na tashi na buɗe akwatin ƙarfe, na ciro takardar daga cikin tsohon littafin addu'o'ina, inda na ajiye ta duk shekarun nan ba na buɗewa. Na ce ta karanta mini. Ta warware ninkin a hankali, ta kai ta taga, ta juya ta gaba da baya. Laimar Jidda ta shanye tawadar. Sai wani shuɗi-shuɗi da ya bazu kamar an zubar da shayi, da ƙafar harafi ɗaya ko biyu a gefe. Ta haska da wayarta, wayar ma ba ta ga komai ba.

"Sitti, mafi shai, babu komai a nan. Wa ya ba ki?"

Sai na zaunar da ita na ba ta labarin, tun daga soro har zuwa dutse, abin da ban taɓa gaya wa uwarta ko ubanta ba. Ta saurara ba ta taɓa wayar ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ninke takardar yadda ta same ta, ta sa mini a tafin hannu, ta rufe yatsuna a kai. Ta harhaɗo Hausarta.

"Sitti," ta ce, "lesh, me ya sa ba ki ce mata a'a ba, bas? Ai yayarki ce. Da ta yi kuka shwayya, ɗan kaɗan, gobe ki hau soro ki same ta."